Hakkin 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara ran 15 ga Janairu akan taru a yi fareti, a busa bigila, a ajiye furanni domin tunawa da sojojin Nijeriya da suka kwanta dama. Ba mu raina wannan ba. Amma muna so masu karatu, tun ba malaman makaranta da akawuna ba, su dubi wanda ya komo da ransa, ya tuɓe kaki yana ɗan shekara arba'in, ga iyali, ga sauran ƙarfi, ba shi kuwa da wata shaida a hannu sai takardar sallama.

Amurkawa sun yi wa wannan magana dabara tun yaƙin Hitila bai ƙare ba. Ran 22 ga Yuni 1944 suka kafa doka, cewa sojan da ya yi kwana 90 a bakin aiki, aka sallame shi ba da laifi ba, Gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma ba shi dala 50 kowane wata don ci da sha, 75 in mai iyali ne. Waɗansu shugabannin jami'o'i suka yi ta gunaguni, wai sojoji za su ɓata musu makarantu. Sai ga shi a 1947 kusan rabin waɗanda aka ɗauka a kwalejojin ƙasar tsofaffin sojoji ne, suka kuwa yi suna wajen naciya. Kafin shirin ya ƙare a 1956, mutum miliyan 7.8 sun sami koyarwa, miliyan 2.2 daga cikinsu a kwaleji da jami'a.

To, namu fa? Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun sha daga da Jafanawa a kurmin Bama, mutanen Arewa kuwa ba kaɗan ba ne a ciki. Sunan barikin Chindit na Zariya daga can ya samo asali. Sun komo a 1945 da 1946, da yawansu sun iya tuƙin mota, da aikin waya, da aikin asibiti, da karatun boko. Amma ina za su nufa? Ba a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan ba sai 1948, Arewa kuwa ba ta sami jami'arta ba sai 1962. Saboda haka da yawa suka ƙare a aikin ɗan doka na En'e, ko masinja, ko gadi. A Ankara ma, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka tafi kai kukansu ga Gwamna, 'yan sanda suka harbe uku.

Akwai wani abu cikin labarin Amurka wanda ya shafe mu ƙwarai. Doka ɗaya ce ga baƙi da fari, amma an bar zartar da ita a hannun ma'aikatan gari-gari da makarantu. A jihohin kudu jami'o'in Turawa suka ƙi karɓar baƙaƙen sojoji, kwalejojin baƙar fata suka cika maƙil, aka komar da dubbai gida. Watau hakkin da majalisa ta bayar, a bakin tagar akawu ya maƙale.

Rundunonin Nijeriya suna da wurin koya wa masu barin aiki sana'a a Oshodi ta Ikko. Madalla. Amma ba kowa ne ke son kiwon kaji ko kafinta ba. Sajen da ya shekara goma yana horon kurata ya san yadda ake tsayawa gaban aji fiye da yaron da ya fito sakandare jiya. Lalle ya kamata kwalejojin horon malamai su keɓe wa irinsa gurbi kowace shekara, a lissafa masa kwasakwasan da ya yi a soja, kada yawan shekarunsa ya zama abin hana shi, Gwamnati kuma ta ɗauki kuɗin makarantarsa ba tare da an taɓa fenshonsa ba. Akawun da takardarsa ta zo hannunsa kuma, ya ba shi kujera, ya nuna masa yadda ake cika ta a ranar, kada ya ce da shi ya komo gobe.