Tsohon Katako Dukiya Ne, Fentinsa Kuwa Guba

Jama'a, duk wanda ya shiga 'Yan Katako ya tambayi kuɗin falankin madaci ya san ba na talaka ba ne yanzu. Dazuzzukanmu sun yi sanƙo. Madobiya ma, da aka dinga lodinta a jirage ana kai wa ƙasar Sin, sai da duniya ta sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a 2017. Saboda haka ni ina bayan kafintocin da ke sayen ƙyamare da tagogi da teburan tsofaffin gidaje da ofisoshi in an rushe su. Katakon da ya shekara hamsin a jikin gini ya gama bushewa, ba ya lanƙwasa, ba ya tsagewa, kuma irinsa gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Wanda ya raina shi bai san katako ba.

To, amma akwai magana. Yawancin irin wannan katako da fenti yake zuwa, shafi bisa shafi, kuma fentin da sau da yawa da dalma ake haɗa shi domin ya yi ƙarko ya bushe da wuri. Turawa sun san sharrinsa tun tuni. A 1921 aka yi yarjejeniya a Janiba don rage aiki da farar dalma a fentin cikin ɗaki, Amurka kuwa ta hana sa ta a fentin gidaje a 1978. Mu nan wa ya taɓa tara kafintoci ya gaya musu? An bar talaka da zartonsa da huhunsa.

Kada wani ya ce ai ɗan fenti ne. Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma dalma dalma ce, kuma hanyarta ɗaya: ƙura. Jikin yaro yana shanye ta ninki huɗu ko biyar na babba. In ba ta kashe shi ba, sai ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Ga abin da nake roƙon 'yan'uwana kafintoci. Da farko a cire ƙusoshi. A bi katakon da maganaɗisu, gama ƙusar da kanta ya karye tana ɓoye ƙarƙashin fenti, kuma guda ɗaya ta isa ta zubar da haƙoran zarto. Wannan kowa ya iya. Inda ake kuskure shi ne wajen raba katako da fenti. Mai gaggawa yakan ɗauki samfefa ya goge shi a bushe, ko ya tura shi cikin inji, ko ya babbake shi da wuta. Duk ukun nan mugun aiki ne: biyu suna mai da fentin ƙura, na ukun yana mai da shi hayaƙi, yaron shago kuma shi ke tsaye a kai yana shaƙa. A shimfiɗa leda a ƙasa, a waje inda iska ke wucewa, a jiƙa katakon da ruwa, a kankare da ƙarfe yana jiƙe. Ɓawon da ya zubo a ƙulle shi cikin ledar, kada a share da tsintsiya. Sai itace ya fito fili sa'an nan a kai shi inji. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko goro, rigar aiki kuma ta kwana a shago, kada a je gida da ita a ɗauki jariri.

Lalle wannan ya fi cin lokaci, kuma na san mai kaya yana tsaye yana ƙorafi. A gaya masa dalili, a ƙara masa kuɗin wahala. Su kuwa hukumomin da ba sa mantuwa da kafinta ran karɓar kuɗin rumfa, me zai hana su kawo abin gwajin dalma kasuwa, su sa malaman tsabta su zaga?

Ku kuma 'yan kasuwa, ku riƙa tambaya. Ko an kankare shi, irin wannan katako na benci ne da kanta da ƙofa. Kada a yi teburin mahauci da shi, ko faifan yanka albasa, balle allon yaro wanda za a wanke a sha. Mai ƙosai da mai tsire, in an kawo muku guntaye masu fenti da araha don hura wuta, ku mayar wa mai su.