Ɗakin Amarya: Baƙon Da Ke Biyo Kayan Jere

 Yau ba zancen lalle ko turaren wuta na zo muku da shi ba, zancen kyankyaso ne. Na san wata za ta yamutsa fuska ta ce ina ruwan amarya da wannan ƙazamin abu. To ki tsaya ki ji abin da ya faru a gidanmu.

Bara aka yi bikin wata 'yar gwaggona, aka kai ta sabon gida fil, ɗaki biyu da falo, fenti ko gama bushewa bai yi ba. Babu wanda ya taɓa kwana a ciki kafin ita. Wata biyu da tarewa, dangin miji suka zo mata wuni. Ta shiga kicin ta ɗauko tangaran ɗin da take ji da su, tana ajiye faranti a gaban uwar mijin sai ga ƙananan kyankyasai har uku sun fito daga ƙarƙashinsa suna tsere a kan kafet. Matar ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi wa abincin ta ce ta ƙoshi. Da daddare amarya ta kira ni tana kuka kamar ranta zai fita, wai an riga an yi mata tambarin ƙazama, alhali wallahi yarinyar nan sau biyu take goge ɗakinta a rana.

Da muka je muka birkice kicin ɗin, ina muka samo gidansu? A cikin kwalayen da muka zubo mata kayan jere, waɗanda muka roƙo a wani shagon kayan masarufi, ta jibge su a sito wai ko za su yi amfani wata rana. Sai kuma bayan firjin hannu da aka saya mata. Ashe mu da kanmu muka kai mata su, har da guɗa.

Kyankyason da ke damun mu a gida iri biyu ne, kuma kowa da hanyarsa. Akwai babban nan ja mai tashi sama lokacin zafi, shi daga masai da kwata da sokawe yake fitowa. Akwai kuma ƙaramin, mai ruwan ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa, wanda Turawa ke kira kyankyason Jamus. Wannan ƙaramin shi ne mugun. Ba ya son waje, a cikin kayan mutane yake tafiya daga gida zuwa gida. Macensa tana yawo da jakar ƙwai a bayanta, wani abu kamar ƙaramar ƙwayar wake, kuma a jaka ɗaya akwai ƙwai 30 zuwa 40. Cikin kamar mako 4 sun ƙyanƙyashe, bayan wata biyu ko uku 'ya'yan ma sun isa haihuwa. Ki lissafa da kanki. Mace ɗaya tak in ta maƙale a kwali ta ishe ki aiki.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun a gidanku, kafin a ɗora kaya a mota. Kwali shi ne babban abin gudu, domin tsakanin fallayensa akwai 'yan ramuka masu duhu da ɗumi, nan suke laɓewa, har gam ɗin da aka manne shi suna ci. In da hali a zuba kwanuka da samiru a manyan robobi masu murfi ko a ɗaure su a zannuwa wankakku. In kuwa dole sai kwalin, to a sauke kayan a tsakar gida ko a baranda, a shiga da su ɗaya bayan ɗaya, kwalin kuma ya bar gidan a ranar. Kada ki ji tausayinsa.

Sai kayan wuta. Firji, rediyo, talabijin, duk abin da ke ɗaukar ɗumi suna ƙaunarsa, musamman wajen injin firji ta baya. In na hannu ne, ko wanda Hajiya ta daɗe tana amfani da shi ta ba ki, a fito da shi fili a haska bayansa da tocila. Abin da za ki nema shi ne baƙin ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa dakakken masoro, wannan kashinsu ne, sai kuma jakar ƙwan da na faɗa miki. Haka za a yi wa sif da gado da kujeru, a zaro kowace durowa a juya ta a duba kusurwoyi. Littattafanki na makaranta da na hikaya ma ki kaɗe su ɗaya-ɗaya. Ni da nake wannan surutu na taɓa buɗe akwatin rubuce-rubucena na tarar sun cinye mini gefen babi guda, har yau abin yana yi mini ciwo.

Kayan gara kuwa, shinkafa da fulawa da sukari, a juye su a bokitai masu murfi. Buhu a ƙasan sito gayyata ce.

Mu koma kan shi gidan. Ki roƙi yayarki ko wata gwaggo mai ido ta je ta duba kwana biyu kafin jere, tun ɗakunan suna wayam. Duk inda bututun ruwa ya ratsa bango, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayan masai, magina sukan bar rami a gefensa. A toshe da siminti. Tsagar da tsinken ashana zai shiga ta ishi ƙaramin kyankyaso wucewa. A duba ragar taga, a duba ƙasan ƙofar kicin da ta waje, in haske yana shigowa ta nan a sa kafinta ya buga roba. Murfin sokawe in ya tsage a gyara. Ga wani sirri da mutane da yawa ba su sani ba: bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana da lanƙwasa da ke riƙe ruwa, ruwan nan shi ne ke tare wari da ƙwari daga kwata. Gidan da ya daɗe a rufe ruwan yakan ƙafe, hanya ta buɗe. A zuba ruwa a kowace magudana, ta tsakiyar banɗaki kuma a sa mata murfi mai raga. In gidan haya ne mai maƙwabta a jikin bango, ki ƙara sa ido, don suna bin bututu daga wannan sashe zuwa wancan.

Bayan kin tare, ruwa za ki fi hana su. Kyankyaso yana iya yin kusan wata bai ci ba, amma ƙishirwa cikin kamar mako guda take kashe shi. Famfo mai ɗiga a gyara shi, wurin wanke-wanke a tsane shi kafin a kwanta, kwanukan dare kada su kwana, shara ma haka. Ba don kunyar baƙi kaɗai ba, ƙafafun da suka taka masai su ne ke taka farantinki, kuma kashinsu da saɓarsu suna tayar wa masu asma ciwonsu, balle yara.

Zancen magani kuwa, don Allah ku saurare ni da kyau. Na sha ganin an kulle ɗakin amarya an yayyafa fiya-fiya ko Sniper, wai a yi maganinsu gaba ɗaya. Wannan gubar ta gona ce, ba ta ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana a riƙa sayar da Sniper barkatai a kasuwanni. Ƙwayar nan da ake sakawa a buhun hatsi ta fi ta haɗari, iskar da take fitarwa tana kashe mutum yana barci. Kuma duk feshin da za ki yi ba ya ratsa jakar ƙwai, shi ya sa bayan 'yan makonni sai ki ga sun dawo. Abin da ya fi aiki shi ne maganin nan mai kama da man goge baki da ke zuwa a cikin sirinji, a ɗiga kaɗan-kaɗan a lungun kabad da bayan firji. Wanda ya ci ya koma maɓoya ya mutu, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa su bi shi. Hodar borik asid ma tana yi, amma a barbaɗa ta shara-shara, in kika tula sai su kewaye. A sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da abinci. Kuma kada ki fesa maganin gwangwani a kan wurin da kika ɗiga na sirinjin, warin zai hana su kusanta.

'Yar gwaggon tawa sai da ta yi wata biyu tana wannan fama kafin ta daina ganinsu. Uwar mijin kuwa sai ranar Babbar Sallah ta sake cin abincin gidan, har ta nemi ƙarin miya. Asabar mai zuwa muna da wani jeren, na riga na gaya wa Gwaggo ni ce mai tsaron ƙofa, kuma babu kwalin da zai wuce ni.