Auduga A Kunne Ba Ta Hana Kurumta

Jama'a, Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, in kunnen ne da kansa ya mutu fa? Maganar da muke so mu yi da ku ke nan a wannan mako, musamman 'yan'uwanmu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda da kaka ta kama injuna ba sa hutawa sai dare ya raba.

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu niƙa a kasuwar Funtuwa, ko Dandume, ko Bakori, ko Malumfashi, ya san ba a ciniki a wurin sai da ihu. Mai kawo niƙa zai tsaya minti goma ya karɓi garinsa ya tafi, kansa na yi masa ƙugi. Amma yaron da ke zuba hatsi a bakin injin yana nan tun hantsi har magariba, yau da gobe, shekara da shekaru. In ka dube shi da kyau za ka ga ɗan farin abu a kunnensa, watau auduga ce ya cusa. In ka tambaye shi ko ƙarar ba ta damunsa, sai ya yi dariya ya ce, "Ai na saba." Mu kuwa muna gaya muku, wannan sabon da yake faɗa shi ne ciwon. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Jinsa ne ke raguwa, har ƙarar ta daina isa inda za ta dame shi.

Ba abin mamaki ba ne mutumin wannan ƙasa ya nemi mafaka wajen auduga. Ita ta raya garuruwan nan. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester ta Ingila a 1902, ya gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa a kan layin Zariya zuwa Ƙaurar Namoda yana kwasar kaya. Leburan da ke tsaye cikin rurin injin gurza, ga auduga tuli a gabansa, me zai fi masa sauƙi da ya tsinko kaɗan ya toshe kunne? A wancan lokaci injin sai a gidan kamfani. Yanzu kuwa ya shigo kowace unguwa da kowane ƙauye: ga na niƙa, ga na casar shinkafa, ga na sussukar masara da waken suya, ga na matse rake a wajen Danja, ga na ban ruwa a fadamu, ga masu walda da masu yankan katako, ga janareto a bayan kowane shago. Injuna sun ninka, amma kariyar tana nan yadda kakanni suka bar ta.

Gaskiyar magana ita ce auduga ba ta tare ƙara sai kaɗan ƙwarai. Abu ne sako-sako, iska na ratsa ta, inda iska ta bi kuwa nan sauti ke bi. Illarta ma ita ce tana sa mutum ya saki jiki, yana zaton ya yi rigakafi, alhali kuwa ƙofa ce ya rufe da labule.

Bari mu faɗi abin da ke faruwa a ciki, don wanda ya gane ciwo ya fi kiyaye shi. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu murɗaɗɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, kamar yadda garke ke kwantar da ciyawa. In sau ɗaya shanu suka bi, da safe ciyawar ta miƙe. Shi ya sa mutum kan tashi daga niƙa kunnensa a toshe, yana yi masa kuka, ya kwana ya ji ya warware. Amma in kullum nan garken ke bi, sai wurin ya zama burtali, ko damina ta zo ba abin da zai tsiro. Waɗannan ƙwayoyi in sun mutu ba sa sake fitowa a jikin ɗan Adam. Ba allura, ba ƙwaya, ba tofi, ba man da za a ɗiga ya dawo da su. Na'urar da likitoci ke maƙala wa mutum tana ƙara ƙarfin sauti ne ga ragowar da suka tsira, ga ta da tsada, ga neman batir.

Kuma ciwon ɓarawo ne, ba ya zafi, ba ya fitar da jini. Siraran sautuka yake fara ɗaukewa, irin su "s" da "sh" da "ts". Sai mutum ya riƙa jin murya amma bai rarrabe kalmomi, musamman cikin taro. A ce masa sittin ya ji tis'in. Ku 'yan kasuwa kun san abin da wannan ke nufi a bakin buhu. A gida a ce ya faye faɗa saboda yana ɗaga murya, a majalisa ya koma shiru don kunyar yawan cewa "na'am?", a kan titi mota ta yi masa oda bai ji ba. Mutum bai kai shekara arba'in ba yara sun fara kiransa kurma.

Masana suna auna ƙara da wani ma'auni wai shi desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Iyakar da suka yanka wa ma'aikaci ita ce 85 cikin awa 8. Daga nan duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Waɗanda suka auna injunan niƙa a kasuwannin ƙasar nan sun sha samun fiye da 90. Ku yi lissafin da kanku: abin da kunne zai iya ɗauka na yini guda ya ƙare tun kafin azahar, sauran yinin bashi ake ci. Wanda ba shi da na'urar awo, ga gwaji na kyauta. Tsaya da abokinka tsakaninku tsawon hannu guda. In sai ka ɗaga murya sa'an nan ya ji ka, to, ƙarar wurin ta kai wadda ke kurumtarwa.

To, me za a sa maimakon auduga? Iri uku ne, kuma kowanne da wanda ya dace da shi.

Akwai matoshin soso, ɗan guntun abu mai laushi, wanda kuɗinsa bai kai na mudun masara ba. Yana da ƙarfin tare ƙara in an sa shi daidai, sai dai yawancin mutane ba sa sa shi daidai. Murza shi za ka yi tsakanin yatsu har ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja leɓen kunnen sama da baya, ka zura shi ciki, ka danne da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In ya zauna, muryarka za ta yi maka kamar kana magana cikin tulu. In rabinsa na leƙowa waje, ado ka sa. Aibinsa shi ne yana son hannu mai tsabta, kuma in ya yi datti ko ya daina kumbura sai a yar. Mai hannu duk gari da baƙin mai, in yana murza shi yana cusawa sau goma a yini, zai kai wa kunnensa wani ciwon dabam.

Saboda haka mu a ganinmu, ga mai niƙa da mai casa, matoshin roba mai igiya ya fi. Ba a murza shi, ana wanke shi da ruwa da sabulu, yana yin watanni, igiyar kuma tana hana shi faɗawa cikin garin mutane.

Na uku shi ne murfin kunne, mai kama da ƙoƙo biyu da maɗauri ta saman kai. Shi ya fi sauƙin sawa, kuma mai gida na iya hango ko yaronsa ya sa ko bai sa ba. Shi ne kuma ya dace da wanda kunnensa ke zubar da ruwa ko mugunya, don irin wannan kunne ba a cusa masa kome, asibiti ake kai shi. Amma ya fi tsada, yana da zafi da bazara, kuma tilas bakinsa ya manne da fata. Gefen hula, ko rawani, ko ɗankwali, ko ƙafar tabarau, duk abin da ya shiga tsakani ya buɗe wa ƙara hanya. Mai walda da ke sa garkuwar fuska gara ya tsaya ga matoshi. Inda ƙarar ta wuce misali, kamar gindin babban injin sussuka, a haɗa biyun, matoshi a ciki murfi a waje.

A jikin kwalin za ku ga lamba, an rubuta NRR ko SNR a gefenta, 25 ko 30 ko makamancin haka. Desibel ɗin da abin ya rage ke nan a ɗakin gwaji. A wurin aiki ku ɗauka rabin haka za ku samu. Wanda babu lamba a jikinsa ku bar wa mai shi. Kada kuma a ce lalle sai mai lamba mafi girma: wanda ya toshe kunne ƙam har ba ya jin an ce "kashe inji!" ya gudu daga wani hatsari ya faɗa wani. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne a bar shi a kunne muddin inji na aiki. Matoshin da ke rage 25, in ana cire shi minti 5 cikin kowace awa don a yi ciniki, amfaninsa ya faɗo wajen 11. In za a yi magana a fito waje. Sa'an nan muna jan kunnen samari: abin jin waƙa na waya ba kariya ba ne. Wanda ya ƙure waƙa don ta danne ƙarar inji, wuta biyu ya haɗa wa kunnensa.

A gida ma ba a tsira ba. Janareto a bakin tagar ɗakin kwana yana cin kunne, hayaƙinsa kuma yana kisa. A kai shi nesa, a fili, bayan katanga, don a sarari duk sa'ad da ka ninka nisa ƙara tana raguwa da wajen desibel 6. A wajen biki ana jera lasifikoki kamar ɗaki, yara su ne a gaba, har suna jingina da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga abin saurare babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75, kuma a rahotonta na 2021 ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 ne jinsu ya taɓu a duniya. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne goyo. Uwa ta tsaya bakin inji tana jiran markaɗe, jariri a bayanta, kansa daidai da wurin da ƙarar ke fita. Jariri ba a cusa masa matoshi. Maganinsa nisa: ta ajiye kwano ta koma inuwa, a kira ta in an gama. Haka yaran da ake aika.

Yanzu sai maganar wa zai biya. Mun ji masu injuna na cewa yaron ya saya da kansa. Haba! Wanda ke cin ribar inji shi ke da alhakin ƙararsa. Kafin ma a zo kan matoshi, ya gyara salansar da ta fashe, ya ɗaure notukan da suka kwance, ya ɗora injin a kan roba, ya raba shi da masu aiki da katanga, ya riƙa canza yara kada mutum ɗaya ya yini a bakin wuta. Doka ma ba ta yi shiru ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987. Akwai ƙa'idojin hana ƙara da hukumar NESREA ta fitar a 2009. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta ambaci lalacewar ji da sunansa cikin abubuwan da ake biyan diyyarsu, ta kuma ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, ba a taɓa na ma'aikaci. Duk suna nan a takarda. Muna tambaya: yaran niƙa nawa ne tsakanin Funtuwa da Malumfashi suka taɓa jin labarinsu? Mai karɓar haraji bai taɓa ɓata hanyar rumfa ba. Ina mai awon ƙara?

Ba za mu zauna jiransa ba. Muna kira ga ƙungiyoyin masu niƙa, da na masu walda, da na masu casa, su haɗa kuɗi su sayo matoshin roba kwali-kwali daga Kano ko Kaduna, don sari ya fi sauƙi, su kuma sa doka a tsakaninsu kada a tada inji sai kowa ya sa. 'Yan tireda da masu kemis su ajiye shi a kanta yadda suke ajiye ashana. Wanda kuwa kunnensa ya riga ya fara kuka ba dare ba rana, ko iyalinsa na cewa yana ƙure rediyo, kada ya ɗiga mai, kada ya sosa da tsinke ko gashin kaza. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika a kan hanyar Zariya, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Ya je a auna masa abin da ya rage, ya karɓi takardar awon ya adana, don ita za a nema ranar da ya tashi neman diyya.