Sandar hana tangaɗi: gyaran da ke burgewa a TikTok amma bai dace da hanyar Illela ba tukuna

Duk matashin da ya taɓa tsayawa ya kalli bidiyon mota guda ɗaya a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya: manhajar za ta yi ta turo masa irinsa har sai ya gaji. Cikin waɗanda ake yawan turo wa masu ƙananan motoci akwai na canza sandar sitabilaiza ta baya, a cire ta kamfani a saka mai kauri. Ana nuna motar kafin gyara tana kwantawa gefe guda a kwana, sai a nuna ta bayan gyara tana shan kwanar a miƙe cak. Kuɗin bai kai na taɓa inji ba, aikin na 'yan notuna ne, ga kuma wurin latsawa a yi oda.

Bidiyon da matashi ke kallo a Jamus shi ne na Illela ke kallo, amma hanyar da za su hau ba ɗaya ba ce. Ga mai ƙaramar mota da ke zirga-zirga daga Sakkwato ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, har bakin iyakar Ƙonni, wannan gyara bai cancanci zama na farko ba. A motoci da dama ma, barin sa ya fi alheri.

Mene ne aikin sandar?

Sitabilaiza ƙarfe ne mai lanƙwasa a gefe biyu. Tsakiyarsa na manne da jikin mota ta hanyar bushin na roba, kowane bakinsa kuma na haɗe da ƙafar mota ɗaya ta hanyar linkeji. Idan mota ta shiga kwana, jikinta na karkata waje, sifirin ɗin wajen ya danne, na ciki ya saki. Wannan bambanci ne ke murɗa sandar, ita kuma tana turjiya, sai tangaɗin ya ragu. A motoci irin Golf 3, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu shi kansa yana murɗuwa, yana yin wani ɓangare na wannan aiki tun daga masana'anta.

Abin lura shi ne sandar ba ta aiki sai idan ƙafa ɗaya ta fi ɗayar dannuwa. In duka biyun suka danne tare, juyawa kawai take yi a cikin bushin ɗinta. Saboda haka wanda ya cika but da buhunan albasa ko wake ranar kasuwar Illela, ya ga bayan motar ya zauna, ya yi zaton sanda mai kauri za ta ɗaga shi, ya zubar da kuɗinsa. Ɗaukar nauyi aikin sifirin ne.

Lissafin da bidiyo ba ya faɗa

Ƙarfin sandar ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta. Ana ninka kaurin da kansa har sau huɗu ne. Daga milimita 20 zuwa 22, ƙarin da ido da ƙyar yake gani, taurin na ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin 100. Daga 19 zuwa 22 kuwa kusan kashi 80 ne. Ƙaramin canji ne a hannu, babba a kan titi.

Kuma kamfanoni ba don rowa suka saka siririya a baya ba. Ƙaramar mota mai jan gaba an tsara ta ne yadda in gudu ya yi yawa a kwana, gaban ne zai fara zamewa waje. Direban da ya tsorata zai ɗaga ƙafa daga totur ba tare da ya yi tunani ba, kuma wannan ɗagawar ita ce maganin matsalar. Da zarar an ƙara taurin baya, tayar baya ta waje ce ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe, ta ciki kuma ta yi sako-sako, wani lokacin har ta bar ƙasa. Yanzu bayan ne zai riga zamewa. Ɗaga ƙafar nan da ke ceto a da, shi ne zai ƙara wulwula motar, domin nauyi zai koma gaba ya bar baya ba riƙo.

Direban tsere yana son haka, don ya iya sarrafa shi kuma ya san babu tirela a gabansa. A hanyar Illela mai nisan sama da kilomita 80 daga Sakkwato, abin da ke sa a murɗa sitiyari ba shiri shi ne jaki, ko garken shanu, ko mai babur da ya faɗo titi. Ga yashi a gefen kwalta, ga ruwan damina. Ko rami ma, idan taya ɗaya ta faɗa, sanda mai tauri na kai bugun zuwa ɗaya ɓangaren, motar ta yi tsalle a daidai lokacin da ake buƙatar taya ta lizimci ƙasa.

Motar da ba ta da mai gyara mata kuskure

A watan Oktoban 1997, mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da gwajin kauce wa dabba a guje, motar ta kife. Sai da kamfanin ya dakatar da fitar da ita, ya sake tsarin ƙafafunta, ya saka mata ESP, wato na'urar da ke gane mota ta fara juyawa ta taka birkin taya ɗaya da kanta don ta daidaita ta. Daga watan Nuwamban 2014 Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a duk sabuwar ƙaramar mota.

Yawancin motocin da ake gani a bidiyo suna da ita. Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991 ba ta da ita, haka tsofaffin 'yan Kwatano da yawa da suka cika tashoshin mota a Arewa. Masu wayoyi sun san abin da ke faruwa idan aka ɗora wa waya manhajar da aka gina don wata daban: tana iya tashi, ta ƙi aiki a ranar da aka fi buƙatarta. Sai dai waya ana iya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, motar da ta kife da fasinja kuwa ba a maido da abin da aka rasa.

Inda masu goyon baya ke da gaskiya

Sandar ba yaudara ba ce. Kamfanoni irin Eibach da H&R na Jamus da Whiteline na Ostareliya sun daɗe suna ƙera ta, kuma a lafiyayyar mota a kan titi mai santsi tana rage tangaɗi sosai, sitiyari ya ƙara amsawa. Akwai kuma masu cewa hanya za ta gyaru, tunda a watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda daga Illela za ta faro. Hakan abin farin ciki ne. Amma titi mai kyau gudu yake ƙarawa, kuma motar da bayanta ke riga zamewa ta fi haɗari a kilomita 100 cikin awa fiye da a 50.

Inda ya kamata kuɗin ya fara zuwa

Tsohuwar motar da ke tangaɗi, galibi shokazobarta ce ta mutu, ko bushin ya tsage, ko linkeji ya saki yana ƙara a kan gargada. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu ba sa barin roba ta daɗe. Ɗora sabuwar sanda a kan waɗannan gyaran gangar Auzinawa ne, don tana ɓoye alamar ciwon ne kawai. Bakanike ya fara duba su, ya mayar da motar yadda take asali. Mafi yawan masu ƙorafi a nan ƙorafinsu zai ƙare.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyu na mako, biyu na shekara. Wadda aka rubuta wa 2318 an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018, ko da kuwa zanenta na sheƙi a wurin mai gwanjo. In biyu kawai za a iya saya, sababbin a baya ake saka su, saboda dalilin nan dai na kada baya ya riga zamewa. A duba iska da geji da safe kafin taya ta yi zafi, a kuma bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin motar, galibi a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki.

Wayar da ta kawo sha'awar ma tana iya zama alƙali. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar kyauta, tana karanta na'urorin auna motsi da karkata da ke cikin waya. A kafe wayar a wuri ɗaya, a samu fili da babu kowa, a zagaya a hankali da gudu iri ɗaya kafin canza shokazoba da bayan canzawa, fasinja ne ke kula da allon. Lambobin ba na ɗakin gwaji ba ne, amma sun fi bidiyon mai talla gaskiya.

Wanda ya yi duk wannan, motarsa ta kansa ce, ba ta haya ba, ba ta dakon kaya ba, kuma har yanzu yana son sandar, to ya zaɓi mafi ƙarancin ƙari wadda aka ƙera don samfurin motarsa, mai ramukan saiti, ya fara daga mafi laushi. Kada a yarda mai walda ya yanke ta wata mota ya haɗa, domin wuta na ɓata ƙarfen sifirin. Direban haya da ke ɗauke da rayukan mutane da kayansu kuwa, ya bar bayan motarsa yadda injiniyoyi suka tsara shi, kada garin neman gira a rasa ido.