Yawan miƙa ƙwallo ba ya cin kofi

Tun da San Antonio Spurs ta lallasa Miami Heat da wasa 4 da 1 a zagayen ƙarshe na gasar NBA ta Amurka a 2014, masu sharhin ƙwallon kwando suka rungumi wata aƙida: wai ƙungiyar da ta fi yawan miƙa ƙwallo ita ce ta cancanci kofi, wadda kuwa ta dogara da gwani ɗaya ta saki hanya. Wasan Spurs ya ƙayatar, babu musu. Darasin da aka ɗauka daga gare shi ne ya karkace.

Kafin ƙwallo ta fara yawo a hannun yaran Gregg Popovich, sai Tony Parker ko Manu Ginobili ya kutsa ya wuce mai tsaronsa. Dole wani mai tsaron ya bar nasa mutumin ya kawo ɗauki, nan take ɓaraka ta samu. Aikin miƙa ƙwallo shi ne ta riski wanda aka bari shi kaɗai kafin a toshe ɓarakar, shi ya sa ake son ɗan wasa ya yanke shawara cikin rabin daƙiƙa. In ba a fara tsaga bangon ba, ƙwallo za ta yi ta zagaye har daƙiƙa 24 da doka ta ware su kusa ƙarewa, a jefa ta cikin gaggawa.

A kakar 2017 zuwa 2018 Houston Rockets tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin miƙa ƙwallo. James Harden kan riƙe ta, sauran huɗun su ja gefe su ba shi fili. Masu aƙidar sun kira wannan mummunan wasa, amma ya ci wasa 65, fiye da kowace ƙungiya a kakar.

Za su ce ai Houston ba ta ɗauki kofi ba. Gaskiya ne. Sai dai ta kai Golden State Warriors, sarakunan miƙa ƙwallon, har wasa na bakwai, alhali Chris Paul yana jinyar rauni a cinya, kuma a daren ta ɓarar da jifa 27 a jere daga layin maki uku. Da uku ko huɗu sun faɗa kwando, da masu sharhin nan wata waƙar suke rerawa.