Kuɗin Tsaro: A Karanta Mana Lissafi

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi na kwamitin kula da makaranta ya san wahalar rasit. Idan tallafin gyara ya zo, ko kwalin alli sai an nemi takardarsa. Hedimasta ya sa hannu, shugaban kwamiti ya sa hannu, sannan mai duba makarantu ya zo ya bi layi-layi. Ba mu ƙi wannan ba, domin dukiyar jama'a ce. Abin da muka ƙi shi ne a ce akwai wani kuɗi da ake warewa da sunan tsaro, daga tarayya har ƙananan hukumomi, wanda al'ada ta ɗauke wa wannan wahala.

A shekarar 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake kashewa a Najeriya ta wannan ƙofa ya kai dala miliyan 670 a shekara, fiye da kasafin rundunar sojan ƙasa. Akasarinsa tsabar kuɗi ne, ba ya bi ta hannun mai bincike.

Me ya haɗa malamin firamare da wannan? Mu ne muke wuni da 'ya'yan jama'a a makarantun da ba katanga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, cikin jihar Katsina da Roni da Gwiwa da Kazaure suke iyaka da ita. A watan Maris na 2024 aka shiga Kuriga ta jihar Kaduna, har da 'yan firamare aka kora daji. Allah ya tsare mu da irin wannan, muna kuma roƙon ya ci gaba da tsarewa. Amma ƙananan ɓarna mun saba da su: a dawo hutu a tarar an kwance tagogi, an yaye kwanon rufi, an ɗauke faifan sola na rijiyar burtsatse. Maigadinmu, inda akwai shi, dattijo ne mai gora da tocila. 'Yan sintirin da ke kewaya unguwa da dare, karo-karon magidanta ne ke saya musu batir. Mu ma muna cikin masu bayarwa, daga albashin da kowa ya san nauyinsa.

To, idan talaka ne ke biyan sintiri daga aljihunsa, wancan kuɗin ina yake tafiya? Wataƙila yana tafiya inda ya dace. 'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne, amma sanin kowa ne jihohi da ƙananan hukumomi kan tallafa musu da mota da mai. Yankin da ke bakin iyakar Nijar, kamar Babura, yana da nasa ɗawainiyar. Ba mu ce wani ya ci ba. Cewa muka yi ba a nuna mana ba, kuma wanda ya yi aiki tsakani da Allah shi ya fi kowa asara idan aka bar lissafi a rufe, don za a yi masa kuɗin goro da wanda bai yi ba.

Za a ce tsaro sirri ne. Mun yarda sunan mai kawo rahoto sirri ne, haka ma ranar samame. Amma farashin taya ba sirri ba ne. Yawan 'yan sintirin da ake ba alawus a mazaɓa, da lita nawa aka zuba wa motar sintiri a wata, babu ɓarawon da zai ƙaru da jin su.

Lokacin wannan magana ya yi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Mu da albashinmu ke fita daga wannan kaso, ba za mu yi murnar kuɗi ya kusanto gida alhali ido bai kusance shi ba. Kansilolin da muka zaɓa su ne ke amincewa da kasafi. Wa ya taɓa jin kansilansa ya dawo mazaɓa ya ce ga abin da aka ware wa tsaro bana?

Buƙatarmu ba ta da tsada. Duk bayan wata uku a liƙa jimillar kuɗin tsaro da manyan sassan da aka kashe shi a allon sanarwa na sakatariya, a kuma karanta a gaban hakimai da dagatai. Inda ake zaman raba kuɗin, a ba kwamitocin makarantu da wannan ƙungiya kujera, domin mu muka san makarantar da ke bakin daji da wadda aka fasa sau biyu.

Kafin taron reshe mai zuwa, kowane hedimasta ya rubuto mana: akwai katanga ko babu, akwai maigadi ko babu, wa ke biyansa, me aka sace cikin shekara biyu. Da wannan takarda za mu je sakatariya.