Ra'ayinmu: Harajin Gidaje da Makarantun 'Ya'yanmu a Ƙasar Yauri

Duk wanda ya zaga ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga ya san cewa yawancin 'ya'yan ikilisiyoyinmu makarantun gwamnati suke zuwa, domin iyayensu manoma ne da masunta waɗanda ba su da halin biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Saboda haka batun inda kuɗin firamare ke fitowa batu ne da ya shafi kowane gidan Kirista, kamar yadda ya shafi maƙwabtanmu Musulmi.

A zamanin En'e, daga haraji da jangali ake gina makarantun elemantare, mishan kuma tana riƙe da nata. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da shirin ilmin firamare kyauta da aka soma a shekarar, sai ido ya koma kan kason da ke zuwa daga asusun tarayya. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilmin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta kawo daidai abin da za a ba ta. Albashin malaman firamare kuwa an saba cire shi daga kason ƙananan hukumomi. Idan an biya albashi, abin da ke saura domin alli da benci da gyaran rufi bai taka kara ya karya ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wannan ya ƙara nauyi a wuyan ciyamomi da kansiloli, domin wanda ya nemi riƙe jaka dole ya amsa tambayar masu kuɗin. Tsarin mulki na 1999 ya riga ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje domin karɓar haraji, gwargwadon dokar majalisar jiha, ya kuma sa su cikin masu kula da ilmin firamare. Ke nan hanya tana nan, amfani da ita ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu a ganinmu, ya dace a karɓi wannan haraji, amma daga inda akwai abin karɓa: manyan shaguna, gidajen haya, gidajen mai, otal-otal da rumbunan ajiyar albasa da shinkafa, musamman a Yelwa inda kasuwa take ci. A ware wani kaso sananne domin makarantu, a kuma liƙa lissafinsa a sakatariya kowane wata uku. Ba mu goyi bayan a bi talaka mai ɗakin jinka da rasit ba. Mutanen Arewa ba su manta wahalar haraji da jangali ba, wadda ta sa gwamnonin Kano da Kaduna suka soke su a 1979.

Akwai kuma abin lura. A Amurka, inda babban kaso na kuɗin makarantu ke fitowa daga harajin gidaje, unguwar masu hali takan samu makaranta mai kyau, ta matalauta kuwa ta koma baya. Idan aka ce kowane gari ya ci abin da ya tara, Yelwa za ta samu, ƙauyukan Gungawa da Kambari na bakin tafki su tashi a tutar babu. Waɗannan mutane ne da aka tayar da iyayensu, cikin fiye da mutum 40,000, lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, domin ƙasa ta samu lantarki. Adalci shi ne a tara kuɗin wuri ɗaya, a raba bisa yawan yara da girman buƙata, gwamnatin Jihar Kebbi kuma ta cike wa ƙaramar hukumar da abin hannunta bai kai ba.

Ba mu manta da 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Uban da ke tsoro ba zai tura ɗansa makaranta mai nisa ba. Makarantar kusa da gida, mai katanga da malamai, ita ce za ta riƙe yaro a aji.

Muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya su koyar da abin da Manzo Bulus ya koya wa Romawa a sura ta 13, cewa biyan haraji hakki ne a kan mai bi. Amma wanda ya biya yana da bakin tambaya. Zumuntar mata da matasa su shiga kwamitocin kula da makarantu, su haɗa kai da limamai da masu unguwanni, su nemi ganin lissafi. A zamanin Nehemiya, mutane sun gyara ganuwar Urushalima kowa daura da gidansa. Makarantar unguwarmu ita ce ɓangaren da ke daura da namu gidan.

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Amin.